Yadda Ake Sayar wa Dila Azurfa, da Inda Ribarsa Ke Fitowa

Mai azurfa yakan shiga shagon dila da tambaya ɗaya a ransa: nawa za a ba ni? Shi kuwa dilan, tun kafin kayan su hau sikeli, lissafin da yake yi daban ne: wa zai karɓi wannan daga hannuna, yaushe, kuma a kan nawa? Daga amsar da ya ba kansa yake cire ribarsa da ɗawainiyarsa, abin da ya rage shi ne tayin da za ka ji. Saboda haka duk wanda ya san hanyar da kayansa za su bi bayan sun bar hannunsa, ya riga ya san iyakar abin da dila zai iya biya, kuma ya san lokacin da ake neman yi masa wayo.

Mataki na farko: ware kayan gida-gida

Kada ka zuba komai a jaka ɗaya. Dila ba ya kallon azurfa a matsayin abu guda, kuma idan ka kawo masa ita a cakuɗe, da farashin mafi ƙanƙantar daraja a ciki zai auna duka.

Gida na farko shi ne sanduna da kwandalolin ajiya, waɗanda aka buga don a adana dukiya: irin su American Silver Eagle da Amurka ta fara bugawa a 1986, ko Maple Leaf ta Kanada da ta fito a 1988, kowace nauyinta oza ɗaya, wato wajen giram 31. Waɗannan dila zai mayar da su cikin gilashi ya sayar yadda suke, don haka su ne ake biya kusa da farashin kasuwa, wani lokaci ma sama da shi.

Gida na biyu tsofaffin kuɗaɗen kashewa ne da aka yi da azurfa. A nan shekara ita ce komai. Sulallan Amurka na santi 10 da 25 da 50 na 1964 zuwa baya kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Rabin dala ta 1965 zuwa 1970 kashi 40 ce kawai. Na Birtaniya kafin 1920 kashi 92.5 ne, daga 1920 zuwa 1946 aka rage zuwa 50, daga 1947 kuma babu azurfa ko ɗigo a cikin na kashewa. Rufi na Indiya na zamanin mulkin Ingila mai nauyin giram 11.66 kashi 91.7 ne har 1939, sannan ya koma rabi. Dalar Maria Theresa, wadda ta yi yawo a kasuwannin Afirka da Larabawa, nauyinta giram 28 da ɗoriya, tsabtarta kashi 83.3. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ka, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zuwa zamaninmu, kuma mafi yawansu darajar azurfarsu kawai ake biya.

Gida na uku kayan ado da kayan tebur ne masu lafiya: zobe, sarƙa, awarwaro, cokula, faranti, butar shayi. Na huɗu kuma karyayyu da lanƙwasassu da waɗanda suka rasa 'yan'uwansu, wato kayan narka. Na biyar, wanda ya fi cin zuciyar mutane, shi ne abin da ya yi kama da azurfa alhali ba ita ba ne.

Karanta hatimin da ke jiki

Nemi gilashi mai ƙara girman abu sau goma, ka duba cikin zobe, maƙullin sarƙa, bayan mariƙin cokali, da gindin faranti. Lambobin tsabta ana ƙirga su ne cikin dubu. 999 tsantsa ce. 925 ita ce wadda aka fi yin kayan ado da ita, ana rubuta mata Sterling, kuma sauran kashi 7.5 yawanci jan ƙarfe ne da ake sa mata don ta yi ƙarfi. Akwai 958, da 900, da 835, da 830, da 800. Kayan Ingila na 925 suna ɗauke da hoton zaki yana tafiya, na Jamus daga 1888 jinjirin wata da kambi tare da lamba, na Faransa hoton kan wata mace mai hular yaƙi da ake kira Minerva, tsofaffin kayan Rasha kuma 84, wadda ke nufin 875.

Ga tarkon. EPNS, EP, Silver Plate, duk ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe. Nickel Silver, German Silver da Alpacca gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, sunan ne kawai, kamar dai yadda ake ce wa kwanon ƙarfe silba. Lamba 90 ko 100 a bayan cokulan Turai ba kashi 90 take nufi ba, tana nuna yawan azurfar da aka yi wa jerin cokulan wanka da ita. Ruwan azurfa siriri ne ƙwarai, kuɗin raba shi da ƙarfen da ke ƙasa yakan cinye darajarsa, shi ya sa diloli da yawa ba sa saye, masu sayen kuma farashin tagulla suke biya.

Hatimi ma da kansa ba shaida ba ce cikakkiya. Ƙarfen buga 925 abu ne mai arha, ana samun sarƙoƙin tagulla da aka buga musu shi. Haka kuma aikin maƙeran fari na gargajiya a ƙasashe da yawa ba shi da hatimi sam, amma azurfa ce, sai dai tsabtarta takan bambanta daga wannan zuwa wancan.

Gwajin da za ka iya yi a gida

Fara da maganaɗisu mai ƙarfi. Azurfa ba ta kama shi. Abin da ya manne, fitar da shi, sai dai maƙullin sarƙa wanda sifirin ɗin cikinsa ƙarfe ne. Rashin mannewa bai tabbatar da komai ba, tunda jan ƙarfe da tagulla da dalma su ma ba sa kamawa.

Gwajin ruwa ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram kawai yake buƙata. Auna abin a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili. Ɗaura abin da zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba lamba ta farko da ta biyu. Tsantsar azurfa tana ba da 10.49, ta 925 wajen 10.3 zuwa 10.4, jan ƙarfe 8.96, tagulla ƙasa da haka, dalma 11.34. Awarwaro mai giram 62 da ya nuna 6.0 a ruwa ya ba da 10.33, ya yi daidai. Da jan ƙarfe ne, da 6.9 sikelin zai nuna. Gwajin yana ɓaci idan abin yana da rami a ciki, ko duwatsu, ko kumfar iska ta maƙale a jikinsa, don haka a kan sarƙa mai ƙananan ido ba a cika dogara da shi ba.

Ga kwandala, nauyi da faɗi da kauri ne alƙali. Duba ma'aunin da gidan bugawa ya fitar ka kwatanta. Mai jabu zai iya daidaita nauyi, zai iya daidaita faɗi, amma idan ƙarfensa bai kai azurfa nauyi ba, dole kaurin ya tona shi. Sannan azurfa idan an ɗan ƙwanƙwasa ta tana yin ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, jabu kuwa ƙararta gajera ce.

Gwajin asid ka bar wa dila. Yana barin tabo, kuma ruwan yana ƙona fata.

Lissafin darajar narka

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Farashin azurfa na duniya ana faɗarsa da dalar Amurka a kan ozar tiroyi ɗaya. Ana tsayar da farashin ma'auni a Landan da ƙarfe 12 na rana a ranakun aiki, ƙarƙashin LBMA, ƙungiyar 'yan kasuwar zinariya da azurfa ta birnin, ana kuma cinikin kwantiragi, wato alkawarin saye ko sayarwa a gaba, a kasuwar COMEX ta New York, inda lambar ke motsi kusan dare da rana. Kowa zai iya ganin ta a waya.

Ozar tiroyi giram 31.1 ce. Ozar da ke kan sikelin kicin giram 28.35 ce. Wanda ya auna da ta kicin ya ninka da farashin tiroyi zai ɗora wa kansa tsammanin da ya zarce gaskiya da kusan kashi 10 cikin 100, ya je shago yana ganin an cuce shi alhali lissafinsa ne ya karkace. Mafita ita ce ka mayar da komai giram.

Raba farashin oza da 31.1, ka sami farashin giram ɗaya na tsantsa. Ninka nauyin kayanka da tsabtarsu, ka sami giram nawa na tsantsa ke ciki. Ninka waɗannan biyun. A ce, don sauƙin lissafi, oza tana 3,110 a kowane irin kuɗi kake amfani da shi, giram ɗaya ya kama 100 ke nan. Kana da cokula giram 400 masu hatimin 925. Tsantsar da ke ciki giram 370 ce, darajar narkarsu 37,000. Idan dila ya taya 28,000, ya biya kashi 76 cikin 100. Wannan kason shi ne harshen da za ka yi ciniki da shi, domin shi kaɗai zai ba ka damar kwatanta tayin shago biyu, ko tayin yau da na jibi bayan farashi ya motsa.

Kafin ka ninka, cire abin da ba azurfa ba. Wuƙar tebur ruwanta ƙarfe ne, mariƙinta kuma siririyar azurfa ce da aka cika da ƙaro ko siminti, azurfar cikinta ƙalilan ce idan aka kwatanta da nauyinta. Mazaunin kyandir da aka rubuta wa Weighted haka yake, fatar azurfa ce a kan abin cikawa. Duwatsu, gilashi, katako a hannun buta, duk dila zai cire nauyinsu, kuma idan ka bar shi ya ƙiyasta da ido, ƙiyasin ba zai karkata wajenka ba. Dutsen da kake so, sa a cire maka shi tun kafin awo.

Inda dila yake samun nasa

Mutane da yawa suna zaton dila yana saye ne ya ɓoye har farashi ya tashi. Akwai masu yin haka, amma wannan caca ce, kuma dilan da ya daɗe a sana'a yakan guje ta. Abincinsa yana cikin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da kuma yawan juyawar kaya. Ɗauki kwandalar oza ɗaya: ya saya a hannunka a kan 3,050, ya sayar wa wani a kan 3,300. Ribar 250 ba ta da yawa, amma idan kuɗin nan ɗaya ya juya sau ashirin a shekara, an wuce wurin. Shi ya sa kayan da ke fita da wuri tazararsu ƙarama ce, waɗanda ke kwana a shago kuma tazararsu mai faɗi.

Kayan narka hanyarsu matata ce. Dila yana tara su har su kai adadin da matata ke karɓa, ya aika. Can a narka su wuri guda, a ɗebi samfur a gwada, a biya shi wani kaso na darajar tsantsar da aka samu, bayan an cire kuɗin tacewa da na gwaji. Koma kan cokulan nan. A ce matata ta biya kashi 90, wato 33,300. Dilan ya ba ka 28,000, ratar ta zama 5,300. Daga ciki zai biya kuɗin aikawa da inshora, ya jira kwanaki ko makonni kafin kuɗi su shigo, ya kuma ɗauki asarar narka. Asarar nan gaskiya ce: abin liƙin da maƙeri ya haɗa gaɓoɓi da shi bai kai 925 ba, akwai datti da maiƙo a lunguna, kuma wasu kayan tun asali ba su cika tsabtar da aka buga musu ba. Buhun da aka rubuta 925 ba kasafai yake fitowa daga wuta a 925 cif ba. A kan kayan narka, dila ba zai taɓa biyan ka abin da matata ke biyan sa ba, balle cikakken farashin da ka gani a waya.

Riba mafi tsoka kuwa tana wurin tsinta. Dila ya sayi tarin kaya a farashin narka, da dare ya baje su a tebur ya zaɓe. Sarƙar da ke da lafiya ya goge ta ya sa a gilashi a farashin kayan ado, wanda yakan ninka na narka. Cokali mai sunan fitaccen kamfani kamar Tiffany ko Georg Jensen ko Christofle ya ajiye wa masu neman irinsu, duk da cewa yawancin cokulan Christofle ruwan azurfa ne, sunan ake saye. Kwandala mai shekarar da ba a buga da yawa ba ya kai ta wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Abu ɗaya irin wannan yakan biya kuɗin tarin gaba ɗaya. Ba sata ba ce, iliminsa ne yake ci da shi. Amma babu abin da ya hana kai ma ka yi tsintar tun a gida.

Sai maganar kariya daga faɗuwar farashi. Azurfa ƙarfe ne mai zafin kai. A Janairun 1980, lokacin da 'yan'uwan nan na gidan Hunt daga Texas suka yi ta tara ta, oza ta kusa dala 50. Ranar 27 ga Maris na shekarar ta faɗi ƙasa da dala 11. A ƙarshen Afrilun 2011 ta sake kusantar dala 50, cikin makon farko na Mayu ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Dilan da ke da kaya a ƙasa a irin wannan mako ya sha wuta. Manyan diloli suna kulle farashi: da zarar sun saya daga hannunka, sai su sayar da daidai wannan nauyin ga babban ɗan sari ta waya, ko a kasuwar kwantiragi, don tashi ko faɗuwa kada ta shafe su. Ƙaramin dila da ba shi da wannan hanya, da aljihunka yake kare kansa, ta hanyar rage tayi.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake matse mai azurfa fiye da mai zinariya. Farashin zinariya yakan ninka na azurfa sau da yawa; a Maris na 2020 ya haura ninki 120. Ga shi zinariya ta fi ta nauyi, 19.3 a kan 10.49. Idan ninkin ya kasance 80, azurfar da darajarta ta yi daidai da ɗan curin zinariya za ta ci wuri kusan ninki 147. Ajiya, ɗauka, gwaji ɗaya bayan ɗaya, duk sun fi wahala a kan kuɗi kaɗan. Minti goman da dila zai ɓata yana gwada zoben azurfa daidai yake da wanda zai ɓata a kan na zinariya, ribar kuwa ko kusa. A wasu ƙasashe haraji ma yana ƙara nisa: a Birtaniya ana biyan harajin VAT na kashi 20 a kan sandunan azurfa, zinariyar ajiya kuwa an yafe mata, kuma wanda ya biya shi ranar saye ba zai gan shi ba ranar sayarwa.

Shagunan jingina lissafinsu wani ne. Su kuɗin ruwa da kuɗin ajiya suke nema a kan bashi, kayan kuma su zama nasu idan ba a fansa ba. Shi ya sa tayinsu na saye kai tsaye yakan zo ƙasa da na dilan da sana'arsa ƙarfen ce. Bayan duk wannan akwai haya, albashi, masu gadi, kyamarori, na'urar gwaji mai tsada, da jabun da ke kuɓuce wa ido lokaci-lokaci. A wurare da dama doka ta wajabta wa dila rubuta sunan mai sayarwa da riƙe kayan na wasu kwanaki kafin ya narka, saboda kayan sata. Kwanakin nan jarinsa a kwance yake.

Wane kaya, wane dila

Kwandaloli da sanduna ka kai su wurin mai sayar da irinsu, domin shi ke da masu saye a hannu. Kayan ado masu kyau, mai shagon kayan ado ko na kayan tarihi. Kayan narka, wanda ke aika wa matata da yawa, tunda yawan da yake kaiwa na sa a ba shi kaso mai kyau, har ya iya raba maka. Idan kayan narkarka sun kai kilo da yawa, tambayi matata kai tsaye ko tana karɓa daga ɗaiɗaikun mutane da kuma mafi ƙarancin nauyin da take karɓa; tsallake dila a nan yana iya zama riba, a kan ɗan giram 200 kuwa wahala ce kawai.

Kada ka wanke tsohuwar kwandala. Ko da man goge baki, ko da toka, ko da tsumma. Baƙin da azurfa ke yi haɗuwarta ce da sinadarin sulfa na iska, bai rage mata nauyin da za a lura da shi ba, masu tara kuɗi kuma suna son sa. Gogewa tana barin ƙananan zane da ƙwararre ke gani nan take, sai kwandala mai daraja ta koma farashin narka. Sandar da ta zo a leda mai lamba ko da takardar shaida, bar ta a ciki.

A cikin shago

Kira kafin ka je. Tambayar ita ce: nawa kuke biyan giram ɗaya na 925 yau? Ko kuma: kashi nawa na farashin kasuwa kuke biya? Wanda ya ce sai ka zo an gani, a kan kayan tarihi yana da hujja, a kan kayan narka ba shi da ita. Nemi tayi uku aƙalla a rana ɗaya, tunda farashi na motsi.

Tafi da takardarka: kowane gida a ledarsa, da nauyinsa da darajar narkarsa a rubuce. Duba farashin duniya a ƙofar shagon. Ɗauki katin shaida, da rasit ɗin saye idan yana nan.

A yi awo a gabanka, fuskar sikeli tana kallon ka, ta fara daga sifili. Dubi ma'aunin da aka saita ta a kai. Wasu suna awo da dwt, wanda giram 1.555 ne, wasu da tola, giram 11.66. Babu laifi a ciki, sai idan an auna da dwt aka biya da farashin giram: cokulan giram 400 za su nuna 257, ka yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku ba tare da an taɓa farashi ba. Idan nauyin ya saɓa da naka da fiye da giram ɗaya ko biyu, a sake.

Wajen gwaji, dila zai iya goga abin a baƙin dutse ya ɗiga asid, ko ya ɗan gurza wani ɓoyayyen wuri da magagari don ya ga abin da ke ƙarƙashin fata. Asid ɗin nitirik yana barin fari-fari kamar madara a kan azurfa mai kyau, ya yi kore a kan tagulla. Kada a gurza kayan da kake tunanin komawa da su sai da izininka. Na'urar XRF tana faɗin tsabta cikin daƙiƙoƙi ba tare da tabo ba, amma saman ƙarfe kawai take karantawa, shi ya sa ko mai ita yakan haɗa da gurzawa a kan abu mai kauri. Nemi ganin allon da idonka. Kayan da ba su da hatimi a nan ake cin mai su: a ce za a biya su a matsayin 800 don kariya, alhali na'ura za ta iya nuna 900. Kuma kada kaya su shiga ɗakin baya kai kana waje.

Bar shi ya fara tayi, kuma ya taya kowane gida daban. Kuɗin dunƙule a kan jaka guda shi ne inda kwandala mai daraja ke ɓacewa cikin cokula. Idan ya taya, mayar da shi kaso a wayarka ka faɗa masa: wannan kashi 76 ne, wani ya ba ni 82. Dila ya fi sakin hannu ga wanda ya nuna ya yi lissafi, da wanda ya kawo da yawa, da wanda ake sa ran zai dawo. Idan ka ga ya ware wani abu gefe yana sake juya shi, ko ya ƙara kuɗi da sauri don kada ka tafi da shi, mayar da wannan abin aljihu ka bincika shi tukuna. Labarin cewa kayan gado ne ko da tsada aka saye su ba ya ƙara ko sisi. Kuɗin aikin maƙeri da ribar shagon farko sun tafi tun ranar saye.

Lokaci ma yana da tasiri ta hanyar da ba a zato. Ranar da farashi ya yi tashin gwauron zabi kowa ke fito da nasa, shaguna su cika, matatu su yi layi, kuɗin hannun diloli ya ƙare, sai su rage kason da suke biya. Kana iya samun kuɗi mai yawa a jimla amma kaso mafi muni. Akasin haka ya faru a Maris na 2020: farashin duniya ya faɗi zuwa wajen dala 12, amma kwandaloli suka yi ƙaranci a shaguna, diloli suka riƙa biyan ƙari a kan farashin kasuwa don su samu. Don haka ka tambayi dila abin da yake nema a yanzu. Abin da gilashinsa ya rasa shi zai fi biya.

Idan kun daidaita, a gama biya kafin kaya su bar gabanka. Tsabar kuɗi ka ƙirga a wurin. Turawa ta banki ka ga shigarta a asusunka, ba hoton rasit a wayar wani ba. Caki kuwa sai daga shagon da ka sani. Karɓi rasit mai kwanan wata, bayanin kaya, nauyi, tsabta, farashin giram da jimla, ka ajiye shi, domin a ƙasashen da ake biyan haraji kan ribar sayar da kadara da shi za a yi lissafi. Idan dila ya ce ka bar kayan ya sayar maka a kan kamasho, a rubuta kason kamashon, mafi ƙarancin farashin da ka yarda da shi, ranar da za ka karɓi kayanka idan ba su fita ba, da wanda zai biya idan sun ɓata a hannunsa.